Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Ministan Muhalli

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne kan manyan bishiyoyin da ke bushewa a tsaye a dazuzzuka da gonakin Arewa, alhali hankalin hukuma yana kan dashen sababbi.

Duk damina sai mu ga an kafa rumfa, babban baƙo ya dasa darbejiya ko turare, an ɗauki hoto, an faɗi yawan tsiron da aka raba. Ba na raina wannan. Amma wa ke komawa a watan Afrilu ya ƙirga waɗanda suka rayu? Wa ke ƙirga ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da suka mutu a wannan shekarar?

Fari ba ya kashe bishiya nan take, shi ya sa ake rashin lura. Idan ƙasa ta bushe, zafi ya tsananta, bishiya kan rufe ƙananan kafofin ganyenta don kada ruwa ya tsere, sai ta daina haɗa abinci, ta koma cin ajiyarta. In ta ci gaba da jan ruwan da babu, iska kan shiga hanyoyin ruwan da ke cikin kututture ta toshe su. Daga nan reshen sama ya fara bushewa, gara da ƙwari su sami shiga. Sai bayan shekara biyu ko uku, damina ta yi kyau, mutane su yi mamakin yadda ƙatuwar ɗorawa ta ƙi toho. Tun a farin baya aka gama da ita.

Dattawanmu sun ga haka a farin 1973 da na 1984. Binciken wani masanin dazuzzuka, Patrick Gonzalez, da abokan aikinsa, wanda ya fito a 2012, ya nuna cewa a wuraren da suka auna a yankin Sahel, kusan bishiya ɗaya cikin shida ta salwanta tsakanin 1954 da 2002, kuma masu son danshi, waɗanda galibi su ne masu 'ya'yan ci, suka fi tafiya. Yanzu zafi ya ƙaru, don haka ko an sami ruwa daidai da na da, ƙasa ta fi saurin shanyewa. Ga kuma gatari: tun da gas ya yi tsada, ƙirya da marke suke komawa buhunan gawayi a bakin titi.

Ranka ya daɗe, maganin ba ya nesa. Ƙetare iyaka kaɗan, a Maraɗi da Damagaram, manoma sun farfaɗo da kusan hekta miliyan 5, bishiyoyi kimanin miliyan 200, ba tare da gandun renon tsiro ba. Tun wajen 1983 suka fara abin da suke kira sassabin zamani. Maimakon a sassabe duk tohon da ya fito daga tsohon kututture, sai a zaɓi masu ƙarfi a bar su, a riƙa gyara musu reshe. Saiwar ta riga ta yi nisa cikin ƙasa, ba ta jiran bokitin kowa. Gawo kuwa, kowane manomi ya sani, yana zubar da ganye da damina, gero ya yi kyau a ƙarƙashinsa. Abin da ya sa aikin ya ɗore shi ne manomi ya tabbata bishiyar da ya rena tasa ce, malamin daji ba zai ci shi tara a kanta ba.

Muna da hukumar Babbar Koriyar Ganuwa, wato shirin dashen bishiyoyi don tare hamada, tun 2015, mai aiki a jihohi 11. Muna da ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasar da ta lalace a Arewa, na dala miliyan 700 daga Bankin Duniya. Ina roƙon a ware kaso mai tsoka daga ciki don koya wa manoma sassabin zamani, a kai su Maraɗi su gani da idonsu, a kuma zauna da gwamnoni da sarakuna a fayyace haƙƙin manomi kan bishiyar gonarsa. Sannan duk rahoton dashen da zai zo teburinka, a mayar da shi sai an rubuta nawa ne suka kai shekara uku a raye.

Allah ya taimaki Minista.

Wassalam,
Wani manomi daga Jihar Jigawa