Kafin a tuge tsofaffin kyamarorin tsaro, a duba wayoyi biyun nan

Malam Edita, assalamu alaikum, ina fatan kana lafiya, ya aiki ya jama'a. Don Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana kan wani abu da ke ci mani tuwo a ƙwarya a sana'armu ta haɗa kyamarorin tsaro nan Zariya.

Satin da ya wuce wani Alhaji mai sito a Sabon Gari ya kira ni, kyamararsa ta bakin get, irin mai juyawa ɗin nan da ake ce wa PTZ, ta daina jin magana. Hoto na fitowa tar a talabijin amma ka danna dama, ka danna hagu, ka danna zum, ko gezau, ta ƙura wa katanga ido kawai. Wai wani ya riga ni zuwa ya ce masa ai kayan sun tsufa, a kwashe duka a sa sabo. Wallahi raina ya ɓaci, don ko tsani mutumin bai taka ba.

Abin da masu kaya ba su sani ba, a tsofaffin nan hoto da umarni ba hanya ɗaya suke bi ba, hoto yana bin kebul mai kauri ne, umarnin juyawa kuma wasu siraran wayoyi biyu na RS-485, ɗaya A ɗaya B. Toh in dai hoto na zuwa ai kyamara da ranta. Ni abin da nake fara yi, in kashe mata wuta in sake kunnawa, mai lafiya za ta yi zagaye da kanta, kuma yawanci sai ta rubuta setinta a jikin allo. Ta Alhaji ta juya sumul, ta rubuta yarenta Pelco-D, saurin magana 2400, adireshi 3. Na ce Alhaji kwantar da hankalinka, injin da ke juya ta ƙalau yake.

Da na shiga cikin setin DVR, wato akwatin da ke naɗar hoton, sai na tarar da sauri 9600, adireshi kuma 1, ashe yaron shago ne ya manta fasawod aka yi wa akwatin risetin, komai ya koma yadda ya fito daga kamfani. Abu uku ne dole su zo ɗaya tsakanin kyamara da DVR, yaren da suke magana da shi, saurin maganar, da lambar adireshi, ɗaya ya saɓa shi ke nan kurma ta zama. Na gyara, amma shiru dai. Sai na hau silin da tocila ina bin waya cikin zafi da ƙura, can na ga inda ɓera ya taɓa ci, wani ya haɗa da salatif amma ya juya, A ta tafi wurin B. Ina mayar da su na ji Alhaji daga ƙasa yana cewa Malam ta motsa, ta motsa!

Ba kullum ake samun sauƙi haka ba. Da damina tsawa kan ƙona ɗan cif ɗin RS-485, shi ma canza shi ake yi. In kyamarorin da yawa ne a jera su a layi ɗaya, ta ƙarshe a sa mata rizisto mai om 120, kuma kar wayar ta wuce mita 1200. In ko kyamara ba ta yi zagayen farkon nan ba, a auna adafta, wasu kyamarorin volt 24 suke ci wasu 12, kuma wutar Nepa da ta jen na gajiyar da su.

Ni ban ce kar a sayi sabo ba, sababbin sun fi hoto mai kyau nesa ba kusa ba, mai hali ya canza. Amma 'yan'uwana masu gyara mu ji tsoron Allah, mu faɗa wa mutum ainihin abin da ya lalace. Masu kaya kuma don Allah ku sa a rubuta maku lambobin nan uku a takarda a manna a jikin DVR, na Alhaji dai na rubuta masa da alƙalamin maka kafin in tafi.

Naka,
Mai gyaran kyamarori, Tudun Wada, Zariya