A rubuta wa ɗan agaji iyakar aikinsa

Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan mutanen da ke riga likita isa wurin haɗari: 'yan agajin ƙungiyoyin addini, jami'an kiyaye haɗurra, 'yan kwana-kwana, 'yan Red Cross, da matasan da ke bin motar ɗaukar marasa lafiya. Ni ma'aikacin jinya ne a sashen gaggawa, a ranakun hutuna kuma nakan koyar da 'yan agaji a unguwarmu. Har yau ban ga ɗan agajin da ke riƙe da takardar hukuma wadda ta faɗa masa abin da aka yarje masa ya yi da abin da aka hana shi ba. Kowa da abin da kwamandansa ya koya masa.

Wannan rashi yana cutar da majinyaci ta fuska biyu, kuma duka biyun a gabanmu suke ƙarewa.

Akwai mai wuce gona da iri, kuma galibi da kyakkyawar niyya yake yi. An taɓa kawo mana direban da ya ji mummunan rauni a cinya, an maƙala masa ƙarin ruwa a hannu tun a bakin titi. Allurar ba ta shiga jijiya ba, hannun ya kumbura, cinyar kuwa tsumma kawai aka yafa mata tana ta zuba. Lokacin da aka ɓata ana laluben jijiya ya isa a danne raunin a ɗaure shi tam. Wani zai yi wa mai zubar jini allurar kashe zogi ta diklofenak, alhali wannan magani yana iya ƙara zubar jinin, ya kuma taɓa ƙodar wanda jininsa ya riga ya yi ƙasa. Wani zai ɗura wa wanda ya suma madara ta tafi huhu. Wanda ya ƙone a shafa masa baƙin mai ko ɗanyen ƙwai ko man goge baki, mu kuma sai mun kankare duk wannan daga kan ɗanyen ciwo, yana ihu, kafin mu fara aiki. Abin da ya fi ci mini rai shi ne fizgo mutum daga cikin mota ta hammata, kansa yana lilo. In ƙashin wuyansa ya tsage, wannan fizgar na iya raunata laka, mutumin da zai iya tashi da ƙafarsa ya ƙare rayuwarsa a kwance.

Akwai kuma mai tsoro. Ya san abin yi, amma ya naɗe hannu, domin yana gudun kada mutum ya cika a hannunsa a ce shi ne sila, ko ya kwana a caji ofis yana amsa tambayoyi. Wanda zuciyarsa ta tsaya, ƙwaƙwalwarsa kan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6. Ba motar asibitin da za ta iso kafin nan a yawancin hanyoyinmu, ko da an buga lambar kiran gaggawa ta 112 ko 122 nan take. In wanda ke tsaye a kansa bai fara danna ƙirji ba, sau 100 zuwa 120 a minti, to an rasa shi.

Dokokin da muke da su sun fi kula da ƙofar asibiti. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar kulawar gaggawa, ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na asusun kula da lafiya a matakin farko domin wannan aiki, inda NEMSAS, shirin gwamnatin tarayya na kulawar gaggawa da motocin asibiti, ke samun kuɗinsa. Dokar 2017 ta tilasta a duba wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, har ta ce kada a wulaƙanta wanda ya kawo shi da tambayoyi. Madalla. Amma tsakanin bakin kwalta da ƙofar asibiti fa? A nan ne rai ke fita ko ya tsaya. A irin daren da tankar mai ta kama da wuta a Majiya ta Jihar Jigawa, cikin Oktoban 2024, mutum sama da 150 suka rasu, ba yadda za a yi likitoci su wadaci waɗanda suka ƙone a sa'ar farko.

A Amurka mataki huɗu suka yi wa masu wannan aiki, kuma tun 2007 suna da kundin ƙasa da ya zayyana abin da kowane mataki zai taɓa. Na matakin farko yana tsayar da jini, ya buɗe hanyar numfashi, ya danna ƙirji, ya sa iskar oksijin, amma ba ya huda jijiya ya sa ƙarin ruwa. Ghana ma, bayan turmutsutsun filin wasa na Accra a 2001, ta kafa hukumar motocin asibiti ta ƙasa a 2004, tana da makarantar horar da ma'aikatanta a Nkenkaasu. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk ma'aikacin lafiya na karkara ya san littafin da suke kira Sitandin Oda, wanda ke faɗa masa ga ciwon da zai duba, ga maganin da zai bayar, ga inda zai tsaya ya tura majinyaci gaba. Irinsa nake nema wa ɗan agaji, ƙarami, da Hausa, da boko da ajami, wanda zai shiga aljihun kaki.

A rubuta a ciki ƙarara cewa wanda aka horar yana da iznin danne rauni da ɗaure shi, da ɗaure hannu ko ƙafa a saman ciwo idan jini ya ƙi tsayawa, ya rubuta lokacin da ya ɗaure, kuma kada ya kwance sai a asibiti. Ya riƙe kai da wuya kafin a motsa wanda ya yi haɗari. Ya kwantar da wanda ya suma amma yana numfashi a gefensa. Ya kwarara wa ƙuna ruwa mai tsabta na minti 20. Ya tallafe karaya yadda ya same ta, kada ya ja ta da sunan ɗori. A ɗaya shafin kuma a rubuta cewa allura, ƙarin ruwa, ɗinki, zare ƙarfen da ya soki mutum, da cusa cokali a bakin mai farfaɗiya ba nasa ba ne. Dole ne ma a rubuta, domin wasu abubuwan suna rikitarwa. Ɗaurin da ke ceton mai zubar jini shi ne ke lalata ƙafar wanda maciji ya sara. Shi wannan ba a ɗaure shi tam, ba a tsaga wurin, hana shi tafiya ake yi a garzaya da shi inda ake da maganin dafi, kamar asibitin Kaltungo na Jihar Gombe ga mutanen wancan yanki.

Na san za a ce 'yan agaji aikin Allah suke yi, ba albashi, don me za a ɗaure su da ƙa'idoji? Ni kuwa ina ganin takardar nan kariya ce gare su. Wanda ya yi aiki cikin iyakarsa, ko majinyaci ya rasu, yana da abin da zai nuna wa ɗan sanda da dangin mamaci. Yana kuma da hujjar da zai ce wa mai matsa masa, "Yallabai, wannan ba hurumina ba ne, mu hanzarta asibiti."

Roƙona ga Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da ta jihohi shi ne su zauna da shugabannin agaji na Jama'atu, Izala, Fityanu, da Red Cross da hukumar kiyaye haɗurra, su fitar da kundi guda, da jarrabawa ta gwaji da hannu, da katin shaida da za a riƙa sabuntawa. 'Yan majalisa kuma su faɗaɗa kariyar da dokar 2017 ta ba mai taimakon wanda aka harba, ta haɗa da mai taimakon wanda mota ta buge.

Naka,
Ma'aikacin jinya, daga Zariya