Bakin da ya kira mu baƙi, yau shi ke neman a yi masa ladabi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Daga Gadarif nake rubuto maka, bayan na saurari shirinku na makon jiya kan 'yancin faɗar albarkacin baki. Baƙin da kuka gayyato sun yi ƙoƙari, amma sun tsallake abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya a nan Sudan.

A watan Yulin 2022, da rikici ya ɓarke a jihar Blue Nile, aka kashe mutane sama da ɗari a Damazin da Rusairis da kewaye, harshe ne ya riga wuƙa fita. Facebook ya cika da cewa Hausawa baƙi ne, ba su da ƙasa, su koma inda suka fito. Mu da kakanninmu suka biyo hanyar Makka, wasu suka sauka Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, tun Sudan ba ta sami 'yancin 1956 ba!

Akwai wani maƙwabcina, ɗan boko, mai bakin siyasa, muna shan jabana, wato gahawa, tare wurin wata mai shayi kusa da kasuwar riɗi. A lokacin na nuna masa irin rubutun da yake yaɗawa, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, “Alhaji, ra'ayi ne. Ba don wannan muka kori Bashir a 2019 ba?” Shi ne kuwa wanda muryarsa ta dishe wajen kiran 'yanci da zaman lafiya da adalci.

To, yaƙi ya zo a Afrilun 2023, tsakanin sojojin Sudan da dakarun kar-ta-kwana na RSF. Yanzu danginsa ake wa kuɗin goro, ana ce musu 'yan koren RSF saboda kawai yankin da suka fito. Rannan na same shi ya haɗa gumi, waya a hannu, yana cewa wannan kalaman ƙiyayya ne, dole a yi doka, a koya wa mutane iya baki. Gaskiya ya faɗa. Sai dai gaskiyar ba ta zo masa ba sai da wutar ta kama gemunsa.

Mu ma ba zan wanke mu ba. A zaurenmu na WhatsApp na ga an zagi ƙabila sukutum saboda laifin mutum biyar, da na tanka aka ce na cika tsoro, an zalunce mu, dole mu fesar. Irin amsar maƙwabcina ke nan, an dai sauya mata riga.

Roƙona, in za ku sake shirin, ku tambayi kowane baƙo sunan da aka taɓa laƙaba wa mutanen da ba nasa ba, ya fito fili ya ce bai yarda ba, da ranar da ya faɗa. Ni na yi wa maƙwabcina wannan tambaya, ya biya kuɗin jabanarmu ya ce yana da uzuri.

Wassalam,
Mai sauraronku a Gadarif