Ruwan Tekun Norway da Kifin da ke Tukunyarmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku in taɓo wani ilimi da ba kasafai ake kawo shi da Hausa ba, wato binciken yadda ruwa ke gudana a tekunan ƙuryar arewacin duniya. Na daɗe ina koyar da labarin ƙasa a sakandare, kuma yana damuna yadda in aka yi kukan tsadar kifin ƙanƙara, dala kaɗai ake zargi. Dala na da nata laifin, amma ita ma tekun tana canzawa.

Akwai ruwa mai ɗumi da ke gudana kamar kogi a cikin Tekun Atlantika, ya bi gaɓar Norway har Tekun Barents da ke arewacin Norway da Rasha, inda yake haɗuwa da ruwan sanyi mai gangarowa daga yankin ƙanƙara. Idan ƙanƙara ta fara narkewa, ƙananan tsirrai da ido ba ya gani sukan cika ruwan, ƙananan halittu su ci su, ƙananan kifaye su ci waɗannan, manya su biyo baya. Kifin da ake busarwa a kawo mana da sunan okporoko daga can yake. Tsakanin Janairu da Afrilu yakan yi doguwar tafiya kudu zuwa tsibiran Lofoten na Norway ya zuba ƙwai, sai wannan ruwa ya kwashi ƙwan da 'ya'yan ya mayar da su arewa inda abinci yake. A Lofoten ɗin ne masunta ke rataye shi bibbiyu a kan katako, iskar sanyi ta busar da shi, kawunan kuma galibi Najeriya ake turo su.

In lokacin wannan tafiya ya kauce ko ɗumin ruwan ya sauya, abin kan taɓa kowa a gaɓar. A tsibirin Røst da ke Lofoten an yi shekaru a jere tsuntsayen teku na ƙyanƙyasa, 'ya'yansu na mutuwa a rami da yunwa, domin ƙananan kifayen da ruwa ya saba kawowa ba su iso yadda ake bukata ba. Wannan labarin yana ba ni tausayi ƙwarai.

Norway da Rasha, masu yanke adadin kifin okporokon da za a kama a Barents, sun yi ta rage shi tun 2022 saboda kifin ya ragu, har ya sauko tan 340,000 a 2025. Yawan kamu ma yana cikin dalilan. Shi kuwa kifin titus, da ruwa ya ƙara ɗumi sai ya kutsa yankin Iceland wajen 2007, ƙasashe suka shiga jayayya kan rabonsa.

Masana na bin diddigin sauyin ruwan teku da wasu na'urori kusan 4,000 masu suna Argo da ke yawo a tekunan duniya. Kowace takan nutse har mita 2,000, ta taso bayan kwana 10 ta aika da ma'aunin zafi da gishiri ta tauraron ɗan'adam. Binciken ya shafi manominmu ma, don masana sun danganta farin da aka yi a Sahel a shekarun 1970 da 1980 da sanyin da arewacin Atlantika ya yi idan aka kwatanta da kudancinsa.

Muna da Cibiyar Binciken Teku ta Ƙasa a Legas tun 1975. Ina roƙon ku tura wakili ya zauna da masananta, su yi mana bayani dalla-dalla, ku buga da Hausa domin ɗalibai da 'yan kasuwar kifi.

Na gode.

Tsohon malamin labarin ƙasa,
Zariya