Ɗaliban injiniya da batun haƙƙin jama'a

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ɗan ba ni fili in yi magana a kan yaranmu masu karatun injiniya. Na daɗe ina aikin foman a wuraren gini a Bauchi, kuma duk shekara ana turo mana ɗalibai su yi wata shida na SIWES, wato shirin koyon aiki a aikace, don haka na san halinsu.

Ƙwaƙwalwa kam suna da ita. Wani zai lissafa maka nauyin da ginshiƙi zai ɗauka kafin shayinka ya huce. Amma bara, ranar zuba dakin, wato kankaren rufin bene, ɗan kwangila ya sa aka yi ta ƙara yashi a kwaɓi har launinsa ya koma fari-fari. Ɗalibin yana tsaye da littafinsa a hammata. Na ce, "Ɗana, ka ga abin da na gani?" Ya ce, "Baba, ni dai sa hannu nake nema a littafin nan." Da yamma hira ta kai mu kan haƙƙin da jama'a ke da shi a wuyan kamfani, sai ya ce ai wannan rijiyar burtsatse ce da allo mai sunan kamfani, ba ruwan injiniya. Darasin ɗa'ar aiki kuwa an haddace, an ci jarrabawa, an wuce wurin.

Ban ga laifinsa sosai ba. Yaron da ke ganin yayansa da digiri yana tuƙa Keke Napep ba zai yi wa mai kuɗi musu ba. Mu manyan ma sau nawa muka kau da kai?

Abin da ya hana ni yin shiru shi ne filin mai na Kolmani. Tun da marigayi Shugaba Buhari ya ƙaddamar da haƙar mai a iyakar Bauchi da Gombe a Nuwamban 2022, kowa maganar rabo yake yi. Dokar man fetur ta 2021 ta ce kamfani ya ware wa al'ummar wurin kashi 3 cikin ɗari na kuɗin gudanar da aikinsa, kuma wannan tsari ne mai kyau. Sai dai kaurin bututu da inda gurɓataccen ruwa zai kwarara, injiniya ne ke sa hannu a kansu. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce tsabtace ƙasar Ogoni a Neja Delta, wadda malalar mai ta gurɓata, zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Su ma an gina musu azuzuwa, an kafa alluna.

Roƙona ga malamai, su riƙa ɗaukar ɗalibai zuwa ƙauyukan Alkaleri da ke yankin Kolmani, su zauna a tabarma da manoma da makiyaya su ji inda ruwan shansu yake. Hukumar COREN kuma, da ke kula da injiniyoyi tun 1970, ta faɗa mana wurin da ƙaramin injiniya zai kai kuka idan aka kore shi don ya ƙi sa hannu.

Naka,
Wani foman, Yelwa, Bauchi