Amsa ga Alhajin da ya ce mun zana dajin garinmu don mu saida shi

Alhaji, salamu alaikum. Na ga tambayar da ka yi min a Facebook, wai wa ya biya mu muka zagaye daji da waya muna zane, kuma nawa aka yi cinikinshi. Maganar kuɗi ba zan daɗe a kanta ba, karo-karo muka yi, littafin na wajen ma'aji. Abin da ya yi min ciwo kalmar saidawar nan, ni da aka binne cibiyata a garin nan, mahaifina kau ka san shi, bai taɓa cin ko taƙin wani ba.

Ba ni na zana taswirar ba. Gindin tsamiyar ƙofar gidan dagaci muka share ƙasa aka kawo toka da tsakuwa, tsofaffi suka ja iyaka da sanda, mata suka aje tsakuwa inda kuka da ɗorawa suke, wata gwaggo ma ta sa aka goge layi guda saboda mun bar kanyar da take tsinta tun tana budurwa a waje, Ardo ya nuna burtalin da gonaki suka cinye har bakin mashaya. Sai bayan nan yara suka bi sawu da GPS na waya. Kwafi ɗaya na wajen dagaci, ɗaya wajen Ardo, ɗaya wajen mata.

Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, ranar da za a zo yankan fili ba mai tambayar abin da ke cikin kan tsoho, takarda ake dubawa, mu kuma nan ƙasar Daura ba mu da ita. Katsina na cikin jihohi 11 da ake aikin Babbar Ganuwar Itatuwa, ana dasa ƙanana ana ban ruwa, ƙirya da marken da suka girmi kakanninmu kuma ana ƙone su gawayi.

Kuma Alhaji ka yi haƙuri in faɗa, ba ka ce komai ba sai da muka sa jan alama inda ake saran ƙirya, motocin gawayin da ke fita da dare kau duk gari ya san mai su. Ran Juma'a bayan an sauko za mu shimfiɗa taswirar gaban dagaci, dan Allah ka zo ka nuna da yatsa inda muka saida.