Firinta ɗaya ta ishi gida

Assalamu alaikum, Edita.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini domin in yi magana da iyaye da malamai 'yan'uwana a kan wahalar buga takarda a gida.

Ni malamin sakandare ne a Gombe. Kwamfuta uku ce a gidana: tawa ta tebur a falo, laftof ɗin uwargida, sai ta 'yarmu da ke rubuta furojet a jami'a. Firinta kuwa ɗaya ce tal, haɗe da tawa. A da, kowa sai ya zuba aikinsa a filash ya kawo mini. Filash ɗin nan kuma ba shagon bugun da bai shiga ba, har ya kwaso mana bairos. Ranar da na tarar tambayoyin jarrabawar da na kwana uku ina tsarawa sun ƙi buɗuwa, wallahi jikina ya yi sanyi.

Ƙanena ne ya ce, "Yaya, ai rautar da kuke shiga intanet da ita ta wadatar." Ya shiga saitin firinta a Windows ya kunna wurin rabawa, ya nuna wa kowace kwamfuta cewa wannan hanyar sadarwa ta gida ce, ba ta jama'a ba. Daga ɗaki 'yarmu ta danna, muna zaune a falo takarda ta fara fitowa da ɗuminta. Abin da ya fi faranta mini rai, ba ya cin data ko kaɗan, domin saƙon bai wuce bangon gida ba. Ko data ta ƙare, bugu na nan.

Sharaɗinsa dai, dole tawa ta kasance a kunne. Shi ya sa daga baya muka haɗa firintar kai tsaye da rauta, tunda tana da Wi-Fi. A nan muka ɗan sha fama. Wi-Fi ɗin rautarmu zango biyu gare shi, 2.4 GHz da 5 GHz; firintocin gida da yawa na 2.4 kawai suke kamawa, mu kuwa muna ta ƙoƙarin haɗa ta da na 5. Sannan idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita, rauta takan sake mata sabon adireshi, wato lambar da kwamfutoci ke gane ta da ita, kwamfutoci su neme ta su rasa. Maganin shi ne a shiga saitin rauta a keɓe mata adireshi guda na dindindin. Tun da muka yi haka ba ta sake ɓacewa ba, har ta waya uwargida ke aika bugu, tunda iPhone na da tsarin bugu mai suna AirPrint, Android kuma na da Mopria.

Roƙona ga masu sayar da firinta a Gombe da Bauchi: ku riƙa tambayar mai saye kwamfuta nawa ce a gidansa, ku nuna masa wadda ke hawa rauta. Masu gida kuma a sa wa Wi-Fi kalmar sirri mai ƙarfi, don duk wanda ya shiga zai iya ƙarar muku da tawada da takarda.

Naku,
Wani malamin sakandare,
Tumfure, Gombe.